Daga akwatin Baba zuwa vokal: wa ke zaɓar mana labarin da muke ji?

Yau ba a bakin mikro nake ba, rubutu na zo da shi, kuma yana da ɗan tsawo. Sai ku yi haƙuri ku ɗora shayi.

Makon jiya bayan isha'i ina zaune a fadarmu. Mu tara ne bisa benci da tabarma, buta na kan gawayi. Maganar wani labari na ƙasa ta taso, gardama ta kaure. Kowa ya zaro salularsa ya ɗaga a matsayin shaida. Wannan ya kunna bidiyon TikTok, wancan ya kunna vokal ɗin da aka turo masa a gurup ɗin tsofaffin ƴan jam'iyyarsu, na ukun ya nuna rubutun wani ɗan Nijar da ke zaune a Turai. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, babu ko ɗaya cikinmu da ya taɓa cin karo da shaidar ɗan uwansa kafin wannan dare. Unguwa ɗaya muke, masallaci ɗaya, amma kwana bakwai kowa na cin labari daga tukunyarsa daban. Har aka sha shayi na uku ba a daidaita kan abin da ya faru ba ma, balle a kai ga ra'ayi a kansa.

Sai na tuna ƙofar gidanmu lokacin ina yaro, na ce bari in bi tarihin abin daga farko.

Baba, Allah ya jiƙan shi, yana da akwatin rediyo mai gajeren zango, mai cin pil huɗu, da rigar fata da wani baduku ya ɗinka masa. Ƙarfe biyu na rana Jamus, takwas da rabi na dare BBC, tsakaninsu Muryar Amurka da Kaduna da jurnal ɗin Yamai. Dattijan layinmu su biyar ko shida ne ke zagaye shi. Ba jam'iyyarsu ɗaya ba, kuma wallahi suna gardama har sai Inna ta aiko a ce su rage murya. Sai dai abu guda suka ji, a lokaci guda, daga baki guda. Gardamarsu kan fassarar abin da aka ji take.

Wannan al'ada ta sauraro tare tana da asali. Sashen Hausa na BBC ya fara magana ranar 13 ga Maris 1957. Radio Niger ta buɗe a Yamai a 1958, tun kafin a sami ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraron rediyo a ƙasarmu, wani abu da har ƙasashen waje suka riƙa misali da shi. Akan tara mutanen gari gindin akwati ɗaya, sau da yawa mushen lakwal ne jagora, a saurari shiri kan noma ko lafiya ko kasuwar gyaɗa, a tattauna, a naɗi ra'ayin manoma a kaset a aika Yamai, wata rana su ji muryarsu ta fito. Kakanninmu a haka suka koyi jin labari, a bainar jama'a, kusa da wanda zai iya ce maka ba haka aka faɗa ba.

Kar dai mu yi wa wancan zamani kwalliyar da ba tasa ba. Akwatin na gwamnati ne. Jam'iyyar PPN-RDA ta Diori Hamani ita kaɗai ke fage, an haramta Sawaba ta Djibo Bakary tun 1959, kuma ba wanda zai ji bakin ɗan Sawaba a gidan rediyon ƙasa. Da Seyni Kountché ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, a tsakiyar fari da yunwa, gidan ya koma La Voix du Sahel, amma ƙa'idar ba ta sake ba: a Yamai ake tace abin da talaka zai ji. Saboda haka ne mutane suka ƙware wajen murɗa akwati. In ka ji na Yamai sai ka nemi na Landan, ka haɗa da na Jamus, ka auna. Baba yakan ce: "Kowane gida da mai shi. Ka ji ukku, sannan ka buɗe baki." Jita-jita ma tana nan tun lokacin. Turawa na ce mata rediyon bakin titi, mu kuma rediyo mai jini. Amma da ƙafa take tafiya, daga tasha zuwa kasuwa, kuma an san fuskar mai ɗauke da ita. In wane ne ya kawo labari, an san sai a rage rabi.

Ƙofa ta fara buɗewa a 1990. Ranar 9 ga Fabrairu aka buɗe wa ɗalibai wuta a gadar Kennedy, kuma ƙasa ba ta koma yadda take ba. A shekarar ne jaridar Haske mai zaman kanta ta fito. Daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 aka yi babban taron ƙasa ƙarƙashin jagorancin André Salifou, rediyo na watsa shi kai tsaye. Yayyenmu suna ba da labarin yadda tela ke tsayar da keke, mai shago ya manta da ciniki, ana jin manyan da a da ba a iya ambaton sunansu da ƙarfi suna amsa tambaya. Karon farko ke nan da mai zargi da wanda ake zargi suka fito ta cikin akwati ɗaya, duk ƙasa na ji.

Daga nan gidaje masu zaman kansu suka shigo. R et M ta buɗe a Yamai a 1994, Anfani ta biyo baya har ta kai Maraɗi da Damagaram da Difa, sannan Ténéré da Saraounia da sauransu. Shirin gaishe-gaishe da na buga waya suka sa matasa kafa fadodi masu suna, don a ambace su a iska. Masu mulki ba su ji daɗin wannan sabon baki ba. A zaɓen Yuli 1996, lokacin da Janar Ibrahim Baré Maïnassara ya rushe hukumar zaɓe ana tsakiyar ƙidaya, sojoji sun rufe Anfani. Ranar 9 ga Afrilu 1999 kuwa ina aji na firamare, na dawo gida na tarar da dattijai sun yi jugum. An harbe shugaba Baré a filin jirgin Yamai, amma sanarwar hukuma ta ce mummunan haɗari ne ya rutsa da shi. Kafin dare gidajen waje sun faɗi abin da ya faru. A 2005 ma mu mutanen Maraɗi mun gani da idonmu: uwaye cike da cibiyoyin kula da yara masu tamowa, ƴan jaridar duniya na ɗauka, shugaba Tandja Mamadou na cewa babu yunwa a ƙasar.

Na kawo waɗannan ne don a gane inda rashin yardarmu ya samo tushe. Mutumin da aka ce masa harbi haɗari ne, aka ce masa yunwar da ke gidansa babu ita, ya koyi darasi ɗaya: abin da hukuma ta faɗa akwai wani a bayansa. Darasin yana da hujja. Matsalar ita ce duk wanda ya zo daga baya ya ce "ga abin da ake ɓoye muku", ya tarar da ƙofa a buɗe, ko gaskiya ya ɗauko ko ƙarya.

Salula ta shigo a farkon shekarun 2000. Celtel ta fara aiki a 2001, ta koma Zain, ta koma Airtel. Orange ta zo a 2008, yau ita ce Zamani. Da farko kira ne da bip da SMS. Daga baya sai memwar da Bluetooth: ka je wurin mai caji ka ba da dala ashirin ya cika maka wa'azi da waƙa da fim ɗin Kano. Babban canji ya zo ne da abu biyu. Wayoyin Android masu sauƙin kuɗi irin Tecno da Itel suka cika kasuwa, sannan WhatsApp ta ƙara saƙon murya a 2013. Ku duba abin da wannan ke nufi a ƙasar da mafi yawan manya ba su karanta faransanci. Jarida ta bar su a waje, Facebook ɗin farko ma ya bar su a waje. Vokal bai bar kowa ba. Tsohuwa a ƙauye na iya ji, na iya turawa. Kowa ya zama gidan rediyo, ba shugaban sashen labarai, ba lasisi, ba wanda zai kira shi ofis gobe.

A Janairu 2015 ina sabon shiga aikin nan. Bayan harin da aka kai wa jaridar Charlie Hebdo a Paris ranar 7 ga wata, shugaba Issoufou Mahamadou ya halarci macin ranar 11, jaridar kuma ta sake fitar da zanen ɓatanci ga Manzon Allah (SAW). Ran kowane musulmi ya ɓaci, nawa ma ya ɓaci. Ranar Juma'a 16 ga wata Damagaram ta kama da wuta, washegari Yamai. Mutum goma suka rasu, aka ƙone majami'u da dama da cibiyar al'adun Faransa ta Damagaram. Kiristan da aka ƙone wa wurin ibada ɗan Nijar ne, bai yi zane ba, bai san mai zanen ba. A kwanakin nan saƙonnin da suka riƙa shigo mini duk na zuga ne. Malamai sun yi kiran a kwantar da hankali, mun sa su a iska, amma ban ga wanda ya tura wannan kira ga mutum ashirin ba.

Wanda ya fi koya mini darasi shi ne na garinmu, a watan Yuni 2019. Gwamnati ta kai wa majalisa daftarin doka kan tsara harkokin ibada. Kafin a yi muhawara a kanta, maganganu sun cika wayoyi cewa doka ce ta yaƙi da Musulunci. Wani babban limami na unguwar Zariya ya soke ta a huɗubar Juma'a, aka kama shi ranar Asabar 15 ga wata, da dare matasa suka fito suka ƙona tayoyi, aka cinna wa wata majami'a wuta. Da aka sako malam, ya fito ya ba da haƙuri, ya bayyana cewa waɗanda suka fassara masa takardar daga faransanci zuwa Hausa ne suka ɓatar da shi, domin abin da aka kawo masa a matsayin daftarin hukuma ba shi ba ne. Allah ya saka masa, don ba kowane babba ke iya wannan ba. Amma ku tambayi kanku: mutum nawa suka ji zargin, mutum nawa suka ji gyaran? Ni na san mutanen da har yau zancen farko ke bakinsu.

Wannan ya taɓa ni domin fassara ita ce abincina. Kullum sanarwa na zuwa mana da faransanci, mu mayar da ita Hausa. Na san yadda kalma ɗaya ke juya magana. A studiyo in na karkace akwai wanda zai dawo da ni, in ya wuce shi masu sauraro za su bugo. Mai vokal ba ya ma faɗin sunansa. "Salamu alaikum ƴan uwa, yanzun nan wani na kusa da manya ya shaida mini." Shi ke nan, sai "a yi partaje saboda Allah".

To me ya sa irin wannan ke gudu, gyara kuma ke rarrafe? Akwai na na'ura, akwai namu.

Na na'ura shi ne: Facebook da TikTok da YouTube ba sa nuna maka abubuwa bisa jerin shigowarsu. Akwai lissafin da ke lura da inda ka tsaya, abin da ka kalla har ƙarshe, wanda ka yi wa laik, wanda ka zaga a ƙasan rubutunsa. Daga nan sai ya ƙaro maka irinsa, domin kamfanin da talla yake cin abinci, kuma talla na son ka daɗe kana kallo. Takardun cikin gida da wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar a 2021 sun nuna cewa akwai lokacin da alamomin motsin rai, har da fuskar nan ta fushi, ke da nauyin laik biyar a lissafinsu. Ma'ana rubutun da ya fusata mutane shi ake turawa gaba. Wani bincike na jami'ar MIT ta Amurka da aka wallafa a 2018 ya bi labarai kusan 126,000 a Twitter, ya gano labarin ƙarya na isa ga mutane 1,500 da saurin da ya ninka na gaskiya kusan sau shida, kuma mutane ne ke yaɗa shi fiye da na'urori.

Namu kuwa ya fi wannan zafi. WhatsApp, inda mafi yawan labaranmu ke yawo, ba ya zaɓar maka abin da zai shigo gurup. Mu ne muka zaɓa. Mu muka shiga gurup ɗin ƴan ɗariƙarmu ko ƴan ƙungiyarmu, na ƴan jam'iyyarmu, na ƴan garinmu. Wanda ya cika musu sai admin ya fitar da shi, ko shi ya gaji ya fita. Bayan shekara biyu babu sauran mai cewa a'a. Kuma in ƙanen babanka ne ya turo vokal, ba muryar baƙon da ke ciki kake aunawa ba, girman wanda ya turo kake gani. Kamfanin da kansa ya ga illar, shi ya sa a 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci ɗaya, a 2020 ya mayar da wanda aka yi ta turawa zuwa wuri ɗaya. Mu kuwa muna da haƙuri, ɗaya bayan ɗaya muke bi.

Sai kuma kuɗi. Mai forfe na dala arba'in ba zai buɗe dogon rahoto ya karanta ba. Kanun zai gani, ko bidiyo na daƙiƙa talatin da aka yanke daga jawabin awa guda.

Waɗanda ke da manufa sun gane wannan tun kafin mu. A Disamba 2020 Facebook ya sanar da rufe wasu rukunonin shafukan bogi da ke aiki kan ƙasashen Afirka. Ɗaya yana da alaƙa da mutanen da ke kusa da sojan Faransa, kuma Nijar na cikin ƙasashen da ya taɓa. Sauran suna da alaƙa da Rasha. Ɓangarorin biyu suna sa hoton baƙar fata da sunan ɗan Afirka, suna zagin juna a ƙasan rubutun juna. Na san in na faɗi wannan a fada, rabi za su riƙe na Faransa su manta na Rasha, rabi su yi akasin haka. Ciwon da nake magana a kai ke nan.

Ni ma ban tsira ba, kuma gara in faɗa da bakina. Zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, 21 ga Fabrairu 2021, tsakanin Mohamed Bazoum da Mahamane Ousmane. Ba zan gaya muku wanda na zaɓa ba. Da daren ranar wani hoton takardar sakamako ya shigo mini, wai daga wata rumfa, yana nuna abin da zuciyata ke so a ce ya faru. Ni da nake koya wa ƴan sitaj kar su karanta abin da ba su tabbatar ba, ban yi minti ɗaya ba na jefa shi gurup ɗin danginmu. Kawuna, wanda ke ɗaya ɓangaren, ya maido da nasa hoton mai nuna akasi. Na ɓata awa guda ina tone nasa, ina duba tambari, ina duba rubutu. Nawa ko kallo na biyu ban yi masa ba. Da safe wata ƙanwata ƴar lise ta ce: "Yaya, ka tara lambobin takardarka kuwa? Sun fi yawan waɗanda anka rubuta sun yi zaɓe." Na tara, haka ne. Kunya ta kama ni. Na goge, amma kafin nan ƴan uwa huɗu sun riga sun kai shi gaba. Ni da Kawu kuwa sai da azumi ya zo muka koma gaisawa yadda ya kamata. Hausawa sun ce so hana ganin laifi. Na yi shekaru ina faɗin wannan karin magana a iska, ranar na san da ni ake.

Hukumomi fa, me suka yi? Kusan duk gwamnatin da ta zo, makulli take nema. A 2007, lokacin tawayen arewa, an dakatar da RFI, aka tsare wakilinta Moussa Kaka fiye da shekara. A 2019 aka yi dokar laifukan intanet, aka sassauta hukuncin ɗauri kan ɓata suna a 2022, aka maido shi a 2024. Bayan sanar da sakamakon zaɓen 2021 da tarzomar da ta biyo baya a Yamai, an katse intanet na salula kusan kwana goma. Bayan 26 ga Yuli 2023 an dakatar da RFI da France 24, a Disamba 2024 aka dakatar da BBC na wata uku. Kowa na da ra'ayinsa kan kowane ɗaya daga cikin waɗannan, kuma na san wanda ya yi tafi a 2021 ya yi kuka a 2023, wanda ya yi kuka a 2021 ya yi tafi a 2023. Abin da na lura da shi a matsayin mai aikin shi ne, duk ranar da aka rufe wata kafa, mai sauraro ba ya daina neman labari. Vokal yake komawa.

Mun ga haka a watan Agusta 2023. CEDEAO ta ba da wa'adin mako guda, an rufe iyaka, Najeriya ta yanke kuran. Mu da ke da ƴan uwa a Jibiya da Katsina, barci ya ƙaurace mana. Tsofaffin bidiyoyin sojoji da jirage daga wasu ƙasashe suka dawo da sabon suna. Wani dare maƙwabciyarmu ta buga ƙofa da yaranta uku da ƙullin kaya, ta ce: "Malam, an ce sun ƙetaro, suna Ɗan Isa." Na kira wani direba da na sani da ke kwana can tun da aka rufe hanya. Ya ce shi dai ga shi yana shan shayi, in ban da sauro ba abin da ya ƙetaro. Na sa mata shi a lasifika ta ji da kunnenta. Kiran bai ci mini dala talatin ba. A daidai kwanakin nan majalisar dattawan Najeriya ta ƙi goyon bayan amfani da soja, sarakuna da malaman arewa suka yi ta zirga-zirgar sulhu. Wannan labarin gaskiya ne, kuma shi ne mai sanyaya zuciya, amma bai yi rabin gudun na Ɗan Isa ba a unguwarmu.

Kar a ce na zo zagin waya. Mutanen ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji, in ɓarayin daji sun shiga, vokal ne ke fara kai kukansu gari, wani lokaci kafin mu a gidan rediyo mu ji. Ta gurup ake tara kuɗin asibiti, ake gano yaron da ya ɓata, ake sanin farashin hatsi a kasuwa uku kafin a ɗaure buhu. Talakan da a zamanin Baba sai ya jira mushe ya zo da kaset, yau da kansa yake magana. Wannan ci gaba ne, ba na fatan a koma baya.

Abin da muka yi asara shi ne tabarmar nan ta ƙofar gida. A shekaru sittin da wani abu, mai zaɓar mana labari ya sauya sau uku. Da farko gwamnati ce, kuma mun san ita ce, shi ya sa muke murɗa akwati. Daga baya masu gidajen rediyo ne, kuma mun san wane gida ke jingine da wa. Yanzu son zuciyarmu ne ke zaɓa, na'ura na taya shi, kuma shi ne kaɗai mai tacewar da ba mu zarga.

Tun bayan abin kunyata na 2021 na ɗora wa kaina wasu ƙa'idoji, in sun yi muku ku ɗauka. Labarin da ya yi mini daɗi ƙwarai shi nake fara tuhuma, don wanda ya ɓata mini rai dama zan tone shi ba sai an ce ba. Vokal ɗin da mai shi bai faɗi sunansa da garinsa da ranar da yake magana ba, a wayata yake kwana. In an ce doka ta ce, sai na ga takardar, in da faransanci take a nemi mutum biyu da ba ra'ayinsu ɗaya ba su fassara. In abu ya faru a wani gari, akwai direba ko ɗan kasuwa ko malamin lakwal da za a iya kira. In kuma na tura abu ya zama ƙarya, duk inda na kai shi nan nake komawa in kai gyara, ko da kunya. Malamanmu kullum suna tuna mana aya ta 6 ta Suratul Hujurat kan bincika labari kafin a cutar da mutane cikin rashin sani. Wanda ya danna tura yana cikin hukuncinta.

Na kuma roƙi admin ɗin gurup ɗin danginmu kar ya sake fitar da kowa saboda musu. Kawu yana nan, har yanzu ba mu yarda da juna a siyasa ba, kuma sau biyu ke nan yana kama ni da labarin da ban tantance ba. Ni na kama shi sau uku.

A fadarmu mun yanke shawara: daga wannan mako, in lokacin jurnal ya yi za a kife wayoyi a kan tabarma, a kunna akwati ɗaya, yau wannan gida gobe wancan, a ji tare sannan a yi gardamar. Wanda ya ɗaga waya kafin a gama, shi zai sayi sukari. Akwatin Baba na ɗauko daga ɗakin Inna. Rigar fatar ta tsage, amma da na sa masa pil ya yi magana.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya tsare harsunanmu da yatsunmu. Sai mun haɗu a iska.